Jarumar Da Ba Ta Da Aiki Sai Suma

Ranar Asabar da hantsi gidan mai kitson unguwarmu ba masaka tsinke. Mata na jiran layi a kan tabarma, wata na tsifa, wata ta miƙe ƙafa tana jiran lalle ya kama. An jingina waya a jikin gwangwanin man kitso, an ƙure murya, wani mai karanta littattafai a YouTube yana ta zuba. Labarin wata marainiya ce da kishiyar uwa ta aika ɗiban ruwa da almuru, ɗan sarkin aljanu ya hango ta daga kan tsamiya, ya rantse ba shi da mata sai ita. Kafin a kai rabin kaina yarinyar nan ta suma a bakin rijiya, ta farfaɗo a wani ɗaki na zinariya, ya daka mata tsawa ta sake sumewa. Saurayinta na bil'adama kuwa, wanda suka yi alkawarin aure, aka wayi gari bakinsa ya karkace.

Budurwar da ke taya mai kitso riƙon gashi ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wayyo Anti, wannan shi ne so. Ko kallonta wani ya yi sai ya gane kurensa."

Mai kitson ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke dai riƙe mini nan da kyau. Wanda ya shanye bakin wani saboda ke, ranar da kika ɓata masa rai naki bakin zai bari?"

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon karatun na kasa kama abu ɗaya da yarinyar ta yi da kanta. An aike ta, an gan ta, an ɗauke ta, an tsawata mata, an sa mata tufafin alfarma. Ita ce jarumar littafin, amma da za a cire ta a ajiye zoben zinariya a madadinta, labarin zai tafi yadda yake tafiya. Masu ƙorafi a kan irin waɗannan littattafai na soyayya da aljanu, ko da masu shan jini, ko masu rikiɗa, sukan rabu biyu: wasu su ce labarin ba shi da ƙashi, wasu su ce ana wulaƙanta mace a ciki. A ganina ciwo ɗaya ne. Ranar da marubuci ya ƙwace wa jarumarsa ikon yanke shawara, ranar ya karya ƙashin bayan labarinsa.

1. Gidan da aka ɗebo wutar

Labarin mace da halittar da ba mutum ba tsoho ne a ko'ina. Amma salon da ya cika wayoyin 'ya'yanmu a yau yana da uwa, kuma an san ranar haihuwarta. A 2005 wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight. Littattafai 4 ta jera zuwa 2008, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 100, aka yi finafinai 5 daga 2008 zuwa 2012. Matasanmu da dama da ba su taɓa riƙe littafin ba sun kalli fim ɗin.

Bella Swan 'yar shekara 17 ce da ta koma wurin mahaifinta a Forks, wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama a jihar Washington. A makaranta ta haɗu da Edward Cullen, wanda a ido sa'anta ne, alhali an haife shi a 1901, kuma tun annobar murar 1918 ya zama mai shan jini, ya daina tsufa. To mu duba abin da wannan dattijo mai fuskar yaro yake yi da sunan so. Yana shiga ɗakinta da dare ta taga, ba da saninta ba, ya zauna yana kallonta tana barci. Da ta gano, abin da ya dame ta bai wuce ko ta yi sambatu cikin barci ya ji ba. Yana bin sawunta idan ta fita gari da ƙawaye. A littafi na 3 ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob, kuma idan zai yi tafiya sai ya sa 'yar'uwarsa ta tsare ta. Kowace uwa ta ji ana yi wa 'yarta haka za ta tara dangi. A littafin kuwa an shirya komai ta yadda mai karatu za ta ji daɗi a ranta, ta ce ga mai kula.

Wurin da ya fi ci mini rai yana littafi na 2. Edward ya tafi ya bar ta. Sai marubuciyar ta jera shafuka 4 waɗanda babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. A fannin dabarar rubutu abin ya burge mutane, kuma na yarda yana taɓa zuciya. Amma a duba abin da yake faɗa. Yarinya mai uba, mai uwa, mai makaranta, mai ƙawaye, ta yi wata 4 a duniya babu abin da ya same ta da ya isa a rubuta, saboda namiji ba ya nan. Da ta fara motsi kuma, hawan babur na ganganci ta shiga, har da faɗawa teku daga kan dutse, don ta lura idan ta jefa kanta cikin haɗari takan ji muryarsa a kunnenta.

Meyer ta sha suka a kan wannan, har a 2015 ta sake rubuta littafin farko da sunan Life and Death, ta juya shi: yaron ya zama mutum, yarinyar ta zama mai shan jini. Hujjarta ita ce raunin Bella na zama ɗan Adam ne a tsakiyar masu ƙarfi, ba na zama mace ba. Hujjar tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Sai dai ba rashin ƙarfin damtse ake tuhuma ba. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya ba ta da takobi, a gaban sarkin da ke kashe amare take kwana, amma ita ke jan linzamin labarin tun daga daren farko, domin ita ta ce wa mahaifinta waziri ya kai ta, kuma ta shiga da shiri.

2. "Ba laifinsa ba ne, halittarsa ce"

Me ya sa sai aljani, ko mai shan jini, ko mai rikiɗa kyarkeci? Na daɗe ina juya wannan. Amsar da na samu ba ta da daɗi: a littattafai da yawa, aikin abin al'ajabin shi ne wanke namiji. Idan saurayi na mutane ya shaƙe budurwa, mai karatu za ta tsane shi. Idan aka ce ƙishin jini ne ya taso masa, ko dabbar da ke cikinsa ce ta farka, ko haka zuciyar aljanu take, sai laifin ya tashi daga kansa ya koma kan halitta. Sannan a ɗora wa yarinyar nauyin kiyayewa: kada ta fusata shi, kada ta yi gardama, kada ta tsaya da wani.

A cikin Twilight ɗin akwai Sam da Emily. Sam shugaban masu rikiɗa ne. Wata rana ya fusata ya rikiɗa tana kusa, ya yage mata gefen fuska, tabon ya zauna har abada. Suna tare, tana dafa wa shi da yaransa abinci, kuma a matsayin abin koyi na ƙauna aka nuna su. Duk wadda ta taɓa zama a zauren sulhu na unguwa, ko ta raka 'yar'uwa kotu, ta san wannan magana: ba halinsa ba ne, zuciya ce ta ɗebe shi, ki yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba musu. Amma idan kullum mutum ɗaya ake ba maganin, ɗayan kuma shi ke kawo cutar, to an daina magani.

Dabara ta biyu ita ce ƙaddararren aure. A waɗannan littattafai akan ce tun kafin a haife ta an rubuta ita tasa ce. Da ya ji ƙamshinta ya gane. Christine Feehan ta gina jerin littattafanta a kan haka tun daga Dark Prince na 1999, inda namijin ke komawa dodo idan bai samu macen da aka halitta masa ba. Ka ga an ɗaure ta ke nan: in ta ƙi shi, jinin duk wanda ya kashe yana wuyanta. Meyer ta kai abin maƙura, inda Jacob ya ɗora ido a kan jaririyar da Bella ta haifa a ranar, take aka ce ita ce rabonsa.

Mu Musulmi mun yi imani da ƙaddara, muna kuma cewa matar mutum kabarinsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Ƙaddarar littattafan nan wata aba ce daban: hanya ce ta soke tambayar. Kuma tana kashe labari nan take. Daɗin labarin soyayya yana cikin zullumin ko za ta amince, da dalilin da zai sa ta amince, da abin da shi zai canza a halinsa kafin ya cancanta. Idan tun shafi na 3 an sanar cewa ba ta da mafita, me ya rage a ba mu a sauran shafuka 300?

3. Abin da ake cike gurbin da shi

Abin da ya rage shi ne ciko. Labari yana tafiya ne idan wani yana son wani abu, ya yunƙura, ya gamu da cikas, ya zaɓi hanya, zaɓin ya haifar da wani abu. Jarumar da ba ta son komai sai a so ta ba za ta iya tura labari ko taku ɗaya ba. Dole marubuci ya riƙa jefo abubuwa daga sama. A sace ta, a ceto ta. Ta ji rabin magana a bayan ƙofa ta gudu, maimakon ta yi tambaya ɗaya da za ta warware komai. Tsohuwar budurwarsa ta zuba mata guba. Ta suma, ta farka a gadon asibiti. A sake sace ta. Suman nan da ke yawa ba don marubutan na sha'awarsa ba ne. Idan fage ya kai inda ya kamata yarinyar ta yi magana ko ta ɗauki mataki, kuma ba a gina ta da abin faɗa ba, hanya mafi sauƙi ita ce a kashe mata fitila.

Ko jerin Twilight ɗin bai tsira ba. A na ƙarshe, Breaking Dawn, an ɗauki babi bayan babi ana tara mayaƙa daga sassan duniya don karawa da Volturi, sarakunan masu shan jini. Da aka yi gaba da gaba sai aka yi muhawara, kowa ya kama gabansa. Masu fim sun ga ramin, shi ya sa suka ƙirƙiro yaƙi suka ce wahayi ne wata ta gani. Gaskiya ne a nan Bella ta yi amfani, ta zama garkuwar danginta. Amma sai da ta bar zama mutum, ta zama irinsa, kafin a ba ta abin yi.

Akwai kuma hannun kasuwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Manhajoji irin su Dreame da GoodNovel da Webnovel babi-babi suke sayar da labari. Na farko kyauta, in an kamu sai a fara sayen sulalla don buɗe na gaba. Duk mai hawa Facebook ya ga tallarsu: shugaban garken kyarketai ya ƙi matar da aka ƙaddara masa, ya wulaƙanta ta a gaban jama'a, daga baya ya dawo yana neman ta. Marubutan da ke musu aiki, ciki har da 'yan Najeriya masu yawa, ana auna su ne da yawan kalmomi da rashin fashin turo babi. Wanda ake biya da tsawo ba zai so labari ya ƙare ba. Jaruma mai wayo kuwa tana gajarta labari, domin za ta yi tambayar da ta dace tun da wuri. Don haka wauta ta zama jari.

Wani abin lura: Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011, ya faro ne a matsayin labarin da ita James ɗin, mai son Twilight, ta ƙaga da sunayen Bella da Edward. Aka cire shan jinin, aka sa dukiya, kuma babu abin da ya girgiza a ginin. Wannan ya nuna mini cewa abin al'ajabin riga ce kawai. Abin da ke ƙarƙashi shi ne namiji mai iko marar iyaka da mace marar komai.

4. Aljaninmu na gida

A nan ne maganar ta shigo tsakar gidanmu. Duk mai bin littattafan Hausa na intanet, a Wattpad ko ArewaBooks ko zaurukan WhatsApp da ake biya kafin a shiga, ya san wannan namijin ko da babu aljani a labarin. Shi ne miskilin matashin attajiri, ko yarima, ko babban soja, wanda ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. Ita kuma 'yar aiki ce ko 'yar ƙauye, fara, mai gashi har gadon baya, ba ta san tana da kyau ba. Ya mare ta a babi na 2, ya aure ta bisa dole a na 10, wani lokaci har ya keta mata haddi, sannan a ƙarshe ya yi rashin lafiya ya nemi gafara. Mayar da shi ɗan sarkin aljanu ƙarin gishiri ne kawai: yanzu ko bango ba ya tare shi.

Kuma a lura da rashin adalcin rabon. Idan namiji ne ke da ikon ɓoye, shi ne jarumi, abin so. Idan mace ce ke da shi, to mayya ce, ko aljana mai raba aure, ko kishiya mai bin bokaye, kuma ƙarshenta hauka ko ƙonewa. Har finafinan Indiya da muka taso da su sun fi mu adalci a nan. A Nagina na 1986, Sridevi ce macijiyar, kuma ita ce ke tsaye tsakanin mijinta da mugun bokan da Amrish Puri ya fito a matsayinsa.

Abin ya fi yi mini zafi idan na tuna me "auren aljani" ke nufi a rayuwar gaske. Mace ce da manema ke gudu, a ce tana da namijin dare. Yarinya ce mai farfaɗiya ko ciwon damuwa da za a shekara ana yi mata hayaƙi ba a kai ta asibiti ba. Mata ce da ke ta ɓari, dangin miji na nuna ta da baki. Waɗannan matan suna nan a kowace unguwa, kuma babu ɗakin zinariya a labarinsu. Marubucin da ya ɗauki wannan azaba ya shafa mata hoda ya sayar wa 'yan mata a matsayin mafarki, ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

Ba haka muka gada ba. Kakanninmu sun ba mu tatsuniyar budurwar da ta rantse ba ta auren kowa sai marar tabo, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, a hanya ya riƙa mayar da kayan aro har ya koma ainihinsa. Tatsuniyar tana da nata wa'azin na tsoratar da 'yan mata masu zaɓe, amma ko ba komai yarinyar ita ta zaɓa, ita ta ga sakamako, kuma dodo ya tsaya a dodonsa, ba a ce mana so ne ya yi masa yawa ba. A rubutaccen adabi ma, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, yana da aljana a ciki, amma Boɗaɗo ce ta tsaya kai da fata a kan wanda take so a gaban danginta. Bayan shekara 10 Balaraba Ramat Yakubu ta ba mu Abu a Wa Zai Auri Jahila?, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi, ta tsaya da ƙafarta. Waɗannan matan sun rubuta jarumai masu motsi a lokacin da ko buga littafi sai an sha wuya. Abin kunya ne a ce jikokinsu, da waya a hannu da dubban masu karatu, sun koma rubuta 'yan mata masu faɗuwa sumammu.

5. Ba ashana ba ce magani

Na san masu cewa labari ne kawai, nishaɗi ne, kuma mata ne ke rubutawa, mata ke saye. Haka ne, kuma ba na raina mai karatu. Matar da ta yini tana wanki da girki da rainon yara tana da haƙƙin ta kwanta da labarin da wani mai iko ya zaɓe ta ita kaɗai daga cikin duniya. Na fahimci wannan ƙishin sarai, kuma mafi yawan manyan mata sun san bambancin littafi da rayuwa. Damuwata 'yar shekara 14 ce, wadda ba ta taɓa yin saurayi ba, wadda a nan take fara koyon yadda so yake kama. Idan littafi 20 a jere suka gaya mata cewa mai sonki shi ne mai bincika wayarki, mai raba ki da ƙawaye, mai firgita ki sannan ya rarrashe ki, to ranar da ta gamu da irinsa a zaure ba za ta ga alamar haɗari ba. So hana ganin laifi ne tun asali, balle an riga an koya mata cewa laifin shi ne son.

Na kuma san masu jiran irin wannan rubutu don su ce a hana. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Rubutun bai mutu ba, ya koma waya, inda babu edita, babu mai tacewa, babu ma mai gyara ƙa'idar rubutu. Ba na tare da masu ashana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma da marubutan nake magana, domin a cikinsu akwai masu baiwa ta gaske, waɗanda ke riƙe dubban mutane da labari kullum ba fashi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna irin abin da matanmu ke iya rubutawa idan an ce a taƙaita kuma a tsaya a kan ma'ana.

Kuma ana iya rubuta irin wannan labarin ba tare da an taka mace ba. Charlaine Harris ta fara jerin littattafan Sookie Stackhouse a 2001, labarin wata mai kai abinci a wata mashaya a ƙauyen Louisiana, wadda ke jin tunanin mutane. Tana soyayya da masu shan jini, tana shan wuya, littattafan ma suna da nasu aibin. Amma tana da aiki, tana da gidan da ta gada daga kakarta, tana lissafin kuɗin gyaran hanyar gidan. A duniyar labarin mai shan jini ba ya shiga gidan mutum sai an gayyace shi, kuma mai gida na iya janye gayyatar. Sookie ta yi amfani da wannan: da suka ishe ta, ta janye, ƙafafunsu suka fitar da su waje suna ji suna gani. Doka ɗaya tak a cikin ginin labarin ta ba mace marar ƙarfi abin riƙewa. A littafi na 13, a 2013, Harris ta ƙi haɗa ta da mai shan jinin da masu karatu ke so, ta bar ta da abokinta na tun farko, kuma ta sha zagi da barazana a kan haka.

Namu aljanun ma ai suna da dokoki, kuma kowane yaro ya san su. Akwai bisimilla kafin zuba ruwan zafi, akwai Ayatul Kursiyyu, akwai Falaƙi da Nasi, akwai alkawarin da in an ƙulla da su ba sa iya karyawa a tatsuniyoyinmu, akwai wuraren da ba sa shiga da lokutan da suke fita. Marubuciyar da ta zauna ta tsara waɗannan dokoki tun kafin ta fara, ta ba marainiyar nan ilimin da ta samu a islamiyya, da wata sana'a a hannu, da ƙanen da take son ta ga ya gama makaranta, za ta tarar ba ta buƙatar sumar da ita ko sau ɗaya. Idan ɗan sarkin aljanu ya ce ita ce matarsa, yarinyar za ta tambaye shi da izinin wa, ta gindaya masa sharaɗi, ta nemi ya warkar da bakin saurayin da ya shanye kafin ta sake saurarensa. Daga nan kuma dole shi ma ya zaɓa, ko ya sauko ko ya rasa ta, kuma mai karatu ba za ta san wanne zai yi ba sai ta buɗe babi na gaba.